Maganin farfaɗiya: fenobabiton, Tegretol, Epilim ko Keppra, wanne ya dace da wa?

Idan likita ya tabbatar cewa ɗanka ko matarka ko kai kanka farfaɗiya ke damun ka, tambayar da ke biyo baya ita ce wane magani za a kama. A ƙasar Hausa sunaye huɗu ne suka fi yawo a kan takardar likita da kantar kyamis: fenobabiton, wanda 'yan Nijar suka fi sani da Gardénal; Tegretol; Epilim, wanda ake kira Dépakine a ƙasashen da ke amfani da Faransanci; sai Keppra, ɗan baya-bayan nan. Akwai na biyar, Lamictal, wanda bai cika samuwa ba amma ba a gama maganar ba tare da shi ba. A jikin kwalin da wani kamfani ya yi za ka ga an rubuta ainihin sunan sinadarin: carbamazepine shi ne Tegretol, sodium valproate shi ne Epilim, levetiracetam shi ne Keppra, lamotrigine kuma Lamictal.

Likita ne ke rubuta magani, babu ja. Amma likitan da ya ga mutum hamsin kafin azahar ba lallai ya tambaye ki ko kina shirin aure bana ba, ko ya tambaye ka nawa za ka iya fitarwa duk wata. Amsoshin waɗannan tambayoyin kuwa su ke yanke hukunci, fiye da sunan maganin. Saboda haka gara mutum ya shiga ɗakin likita ya san abin da zai faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in an gano ciwon aka ba su magani daidai. Wani bincike da aka yi a Glasgow ta Sukotlan, aka wallafa a 2000, ya bi marasa lafiya 525, ya samu cewa kusan rabin waɗanda ba su taɓa shan magani ba sun daina faɗuwa da maganin farko da aka ba su. Na biyu ya ƙara kashi 13 ne kawai. Wato zaɓin farko yana da nauyi, bai kamata a yi shi da ka ba.

Abin da ake fara dubawa shi ne irin farfaɗiyar. Wata tana tashi daga wuri guda a ƙwaƙwalwa, galibi inda aka samu tabo: doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, faɗuwa daga babur, shanyewar ɓarin jiki. Mai irin wannan yakan ji alama kafin ta zo, ko wani wari, ko wani abu na taso masa daga ciki, ko hannu ɗaya ya fara karkarwa kafin ta game jiki. Wata kuma tana kama ƙwaƙwalwar gaba ɗaya tun daga farko. A cikinta akwai ta yaran da ke ƙura wa wuri ido na 'yan daƙiƙu su dawo kamar ba abin da ya faru, malamin makaranta ya ce ba sa mai da hankali, da ta samari da 'yanmatan da hannunsu ke fizga da safe har kofin shayi ya suɓuce. Na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa tana taimakawa wurin rarrabewa, amma sau da yawa bidiyon da ɗan'uwa ya ɗauka da waya lokacin da abin ke faruwa ya fi komai amfani ga likita. Ku ɗauka, kada kunya ta hana.

Fenobabiton ne dattijon cikinsu. A 1912 wani matashin likita Bajamushe, Alfred Hauptmann, ya riƙa bai wa masu farfaɗiya shi don su yi barci da dare, sai ya lura faɗuwar ma ta ragu. Tun daga lokacin bai bar fage ba. Ya fi duk sauran araha nesa ba kusa ba, sau ɗaya ake sha da dare, kuma yana daɗewa a jini har kwanaki, don haka mantuwar dare ɗaya ba ta cika jawo faɗuwa nan take ba. Ƙarfinsa ba abin rainawa ba ne. A ƙauyukan Sin an ba mutane fiye da 2,400 shi ta hannun ƙananan likitocin karkara, sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya kusan biyu cikin uku faɗuwarsu ta ragu da rabi ko fiye, kusan ɗaya cikin uku kuma sun daina ɗungurungum.

Laifinsa shi ne yana dakushe mutum. Babba zai yi ta jin kasala da barci, musamman makonnin farko. Yaro kuwa sau da yawa akasin haka yake yi: ƙiriniya, saurin fushi, rashin zama wuri ɗaya. A nan masana sun rabu. Wani bincike na Amurka a 1990 ya samu cewa yaran da aka ba fenobabiton saboda jijjigar zazzaɓi sun koma baya a gwajin basira. Wani kuma da aka yi a karkarar Bengal ta Yamma a Indiya, aka wallafa a 1998, bai ga bambancin ɗabi'a ba tsakanin yaran da suka sha shi da waɗanda suka sha wani maganin. Ra'ayina shi ne ɗan makaranta, in da hali, a nema masa wani. In babu hali, fenobabiton ya fi a bar yaro yana faɗuwa kusa da murhu ko bakin rijiya. Akwai kuma matsalar samunsa: yana cikin magungunan da dokar ƙasa da ƙasa ta 1971 ta sa wa takunkumi saboda masu shaye-shaye, shi ya sa maganin da ya fi kowanne araha yakan yi ɓatan dabo a kantuna. Tsayar da shi farat ɗaya kuma ya fi na sauran haɗari, yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa.

Tegretol ya fito daga Suwizalan, an fara amfani da shi a shekarun 1960. Shekaru da dama shi ne gwarzon farfaɗiya mai tashi daga wuri guda, kuma har yau yana aikin. Bai kai fenobabiton sa barci ba. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, don in an zuba shi da yawa tun farko sai jiri da ganin abu biyu-biyu da tangaɗi. A wajen tsofaffi yana rage gishirin jini har mutum ya rikice. Abin da ya kamata kowane gida ya sani shi ne ƙurajen fata: in a watanni biyun farko ƙuraje suka feso, balle da zazzaɓi ko gyambon baki ko jan ido, asibiti za a nufa a ranar, domin akwai nau'in da ke saɓule fata yana kisa. An gano cewa mutanen Sin da Tailan da Maleshiya sun fi shiga wannan haɗari saboda wata ƙwayar halitta da suka gada, har ana yi musu gwaji kafin a fara, amma baƙar fata ma yana samun sa.

Babban kuskuren da ake yi da Tegretol shi ne ba da shi ga kowace irin farfaɗiya. Yaron da ke ƙura ido da budurwar da hannunta ke fizga da safe, Tegretol na iya ƙara musu ciwon. Sai a ga abu ya ƙi, a ƙara yawan maganin, abu ya ƙara ta'azzara, daga nan dangi su yanke cewa ai dama ba ciwon asibiti ba ne, iska ce, a kwashi yarinya a tafi wurin mai magani. Alhali maganin ne bai dace da irin ciwon ba.

Fenobabiton da Tegretol sun yi tarayya a wata ɗabi'a da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba, kuma a wurinmu tana da girma. Dukansu suna zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, su fita daga jiki kafin su gama aiki. Ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar fata da ake sawa a dantse suna rasa ƙarfi, mace ta ɗauki cikin da ba ta shirya ba tana ganin ta kare kanta. Allurar wata uku da robar mahaifa su ne ba su cika samun wannan matsala ba. Magungunan cuta mai karya garkuwar jiki ma abin ya shafe su, wasu sai an ninka su, wasu ba a haɗawa sam. Sai Coartem da ire-irensa, maganin zazzaɓin cizon sauro da kowane gida ke sha da damina: takardar da ke cikin kwalinsa ta hana haɗa shi da Tegretol, don yana iya kasa kashe cutar. Mai shan Tegretol ya riƙa faɗa a duk inda za a ba shi magani, ko da ba a tambaye shi ba.

Epilim labarinsa daban. A farkon shekarun 1960 masu bincike a Faransa suna amfani da sinadarin wajen narkar da wasu magungunan da suke gwadawa, sai suka ga duk abin da aka narkar a cikinsa yana hana jijjiga, ashe shi ne mai aikin. Yana kama kusan kowace irin farfaɗiya, wanda ya sa ya zama mafakar likitan da ba shi da na'urar rarrabewa. A farfaɗiya mai game ƙwaƙwalwa har yau ba a samu wanda ya kayar da shi ba. Babban gwajin Birtaniya mai suna SANAD ya nuna haka a 2007, sannan zagaye na biyu a 2021 ya kara shi da Keppra a kan mutane 520, Epilim ya sake yin gaba. Yana sa ƙiba, karkarwar hannu, wani lokaci zubar gashi. A yara 'yan ƙasa da shekara biyu yana iya lalata hanta, don haka ana kaffa-kaffa da shi a wannan shekarun. Ga namiji mai irin wannan farfaɗiya dai, da wuya a samu abin da ya fi shi.

Ga mace kuwa, a nan maganar take. Cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha Epilim da juna biyu, kusan 10 ana haifar su da nakasa: buɗaɗɗen ƙashin baya, tsagewar leɓe ko ganɗa, matsalar zuciya. A sauran jama'a 2 zuwa 3 ne cikin 100. Wannan wanda ido ke gani ke nan. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce 30 zuwa 40 cikin 100 na waɗannan yara suna samun jinkirin magana ko tafiya ko koyo. Wani binciken Amurka da Birtaniya da ya bi yara har shekara shida ya samu cewa 'ya'yan masu shan Epilim sun yi ƙasa da na masu shan Lamictal da kusan maki 10 a gwajin basira. Tun 2018 Birtaniya ta hana ba mace mai iya haihuwa shi sai in tana kan ingantaccen tsarin hana ɗaukar ciki kuma ta sa hannu cewa an yi mata bayani. Daga 2024 ta ƙara tsaurarawa: ba a fara wa duk wanda bai kai shekara 55 ba, mace ko namiji, sai ƙwararrun likitoci biyu sun yarda babu wata hanya.

Yanzu a dawo gida. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu aka ɗora ta a kan Epilim, ta samu lafiya, kowa ya yi hamdala. Bayan shekara biyar ko shida an ɗaura mata aure. Sau da yawa ma dangin miji ba su san tana da ciwon ba, don an ɓoye kada auren ya fasu, kuma ba wanda zai yi wa amarya zancen tazarar haihuwa a shekarar farko. Ƙashin bayan jariri yana rufewa ne a cikin makonni huɗu na farko, lokacin da ita kanta ba ta tabbatar da cikin ba. Kafin ta je awo aikin gama ya gama. Shi ya sa nake ganin tun ranar farko ya kamata uwa ta tambayi likita: “Likita, wannan maganin in ta yi aure fa?” Sauya magani yana cin watanni, kuma lokacin yinsa shi ne tun ana zancen baiko, ba bayan an ga ɓatan wata ba. Wadda kuma ta riga ta samu ciki tana kan Epilim, kada ta yar da shi da kanta. Jijjiga mai ƙarfi tana iya kashe uwa da ɗa. Ta je asibiti cikin gaggawa a duba abin da za a yi.

Sauran ma ba a wanke su tas ba. Wata babbar rajista ta ƙasa da ƙasa mai bin masu juna biyu da ke shan waɗannan magunguna ta fitar da alƙaluma a 2018: nakasa ta kai kusan kashi 10 cikin 100 da Epilim, 6.5 da fenobabiton, 5.5 da Tegretol, sai kusan 3 da Lamictal da Keppra, wanda bai yi nisa da na sauran mata ba. Kuma a yawancinsu haɗarin yana hawa ne da yawan abin da ake sha. Kowanne mace ke kai, ana so ta fara shan folik asid tun kafin ciki.

Wannan ne ya ɗaga darajar Keppra. Wani kamfanin Beljiyam ne ya samar da shi, Amurka ta amince da shi a 1999. Ba ruwansa da hanta, ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka ba ya faɗa da ƙwayar tazarar haihuwa, ko maganin cuta mai karya garkuwa, ko Coartem. Yana aiki a kan nau'o'in farfaɗiya biyun, kuma ana iya kai shi ga cikakken awo cikin ɗan lokaci. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Aibinsa a hali yake fitowa. Mutum mai sanyi sai ya koma mafaɗaci, yaro ya riƙa duka da jifa, wani ya shiga baƙin ciki mai tsanani. Sau da yawa mai shan bai lura ba, mutanen gida ne ke gani. Wanda dama yake da matsalar damuwa ko taɓin hankali a yi hattara da shi, mai ciwon ƙoda kuma a rage masa.

Kada sabuntarsa da tsadarsa su sa a ɗauka ya fi kowa ƙarfi. A zagaye na biyu na SANAD, bayan ya sha kashi a hannun Epilim, an kara shi da Lamictal a kan mutane 990 masu farfaɗiya mai tashi daga wuri guda, nan ma bai yi nasara ba. Fifikonsa a sauƙin sha'ani ne da amincinsa ga mai ciki.

Lamictal a takarda shi ne zakaran farfaɗiya mai tashi daga wuri guda: ya doke Tegretol a 2007 saboda mutane sun fi jure shi, ya doke Keppra a 2021. Bai cika sa barci ko ƙiba ba. Sai dai dole a hau shi a hankali, makonni shida ko fiye, don gudun ƙurajen nan masu haɗari, in kuwa ana haɗa shi da Epilim sai an ƙara ja da baya. Wanda ke faɗuwa sau uku a mako ba zai iya wannan jiran ba. Da juna biyu kuma yawansa a jini yana sauka sosai, sai an riƙa ƙarawa. Magani ne na wanda ke kusa da likitansa.

Duk wannan lissafi yana rushewa in ba a samun maganin kowane wata. Na fi son mutum ya zauna a kan fenobabiton shekara biyu cur ba fashi, da ya sayi Keppra na mako uku ya yi kwana goma yana jiran albashi ko kuɗin amfanin gona. Sha da tsayawa shi ne abin da ya fi jawo faɗuwa mai tsanani ga waɗanda ciwonsu ya riga ya lafa. Kafin a amince da magani, a tambayi kuɗin wata ɗaya a ninka sau goma sha biyu, a kuma tambayi ko ana samun sa a garinku ko sai an aika Kano ko Maraɗi. Faɗa wa likita “ba zan iya ba” ba abin kunya ba ne, yana da abin da zai sauya. Wannan matsalar ta nisa ce ta sa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gudanar da wani bincike a Kano da Zariya da Kaduna, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocin unguwa su gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita.

Sai ingancin abin da aka saya. Wani bincike da aka yi a Gabon da Kenya da Madagaska, aka wallafa a 2018, ya samu kusan ɗaya cikin uku na ƙwayoyin farfaɗiyar da aka auna ba su cika inganci ba, kuma rashin kyawun ajiya na cikin dalilan. Tegretol da Epilim duka ba sa shiri da danshi. Ƙwayar da aka ɓare aka ƙulle a leda ta kwana a kan taga da damina ba ita ce wadda aka gwada a Birtaniya ba. A saya a cikin takardarsa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma in an samu na kamfanin da ya karɓi mutum a yi ƙoƙari a tsaya a kansa.

In an tattara: namiji ko yaro namiji da ya wuce shekara biyu mai farfaɗiya mai game ƙwaƙwalwa, Epilim. Yarinya ko matar da ke cikin shekarun haihuwa, Keppra ko Lamictal, kuma a nan ne kashe ƙarin kuɗin ya fi cancanta, ko da dangi ne za su haɗa. Mai farfaɗiya daga tabo a wuri guda wanda ba ya shan wasu magunguna, Tegretol ya wadatar, Lamictal in ana samu. Mai shan maganin cuta mai karya garkuwa, ko tsoho mai tarin ƙwayoyin hawan jini da na zuciya, Keppra. Wanda ke nesa da gari kuma aljihu ba nauyi, fenobabiton, ba tare da jin cewa an ba shi na talakawa ba. Mai niyyar azumi ya tuntuɓi likita tun cikin Sha'aban: wanda ake sha sau ɗaya ko sau biyu ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki, amma rashin barcin dararen azumi shi kansa yana tayar da ciwon.

Da magani ɗaya ake farawa, a riƙa ƙarawa har faɗuwa ta tsaya ko jiki ya ƙi ɗauka, kafin a ce ya gaza. In an gwada biyu da suka dace, aka sha su yadda ya kamata, abin bai tsaya ba, lokaci ya yi da za a nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, a yi hoton ƙwaƙwalwa, a sake duba ko ma farfaɗiyar ce tun asali. Wanda kuma ya yi shekara biyu bai faɗi ba zai iya tayar da zancen dainawa, amma likita ne zai duba irin ciwon ya ce eh ko a'a, kuma ragewar a hankali ake yi cikin watanni, fenobabiton ya fi kowanne buƙatar dogon lokaci.